Na je ba da jini, aka ce in zauna nawa ne ya hau

Ni fa ba don kaina na je asibiti ba, abin da har yau in na tuna yake ban mamaki kenan. Ƙanwar mai ɗakina ce haihuwa ta zo mata da gardama aka ce sai an yi aiki, a tanadi jini leda biyu, kuma lokacin nan ne na wahalar takardun kuɗi, Fabrairun 2023, da kuɗinka a banki amma na hawa adaidaita ya gagare ka. Mijinta ya kira ni nace ba komai gani nan zuwa, ai na saba bayarwa. Na rufe keken ɗinkina na bar yara a shago na tafi. Kafin a ɗiba sai wata nas ta ɗaura min abin awo a dantse, ya matse ya saki, ta kalla ta ɗan yi shiru, tace Malam da gudu ka zo ne? Nace a'a. Tace to koma can ka zauna minti goma. Na zauna ina danne-dannen waya, ta dawo ta sake, ta canza hannu ta kuma sakewa, sannan ta rubuta a wata 'yar takarda ta miƙo min, 168/104. Tace yau kam ba za mu taɓa jininka ba, kai ma likita ya kamata ka gani.

Wallahi dariya na yi mata. Shekarata 44 lokacin, kaina ba ya ciwo, ba na jiri, ina cin tuwo malmala biyu in tashi in koma kan keke har sha biyun dare, wane irin hawan jini kuma. Ni a sanina ciwon tsofaffi ne da manyan alhazai masu tumbi, sai kuma matan da aka yi wa kishiya, tunda kullum abin da muke ji kenan, wance tunani ya sa mata hawan jini. Na ninke takardar na jefa aljihun gaba na ci gaba da harkokina, sai da ta kusan sati biyu a ciki, mai ɗakina ta zo wanki ta ciro ta. Ita ta ɗan taɓa karatun kiwon lafiya kafin aure, tana gani ta gane. Ba ta yi min faɗa ba, cewa kawai ta yi, Baban yara ka manta yadda Baba ya kwanta ne? Shikenan ta gama da ni. Mahaifinmu shekara uku ya yi a kwance ɓarinsa na dama a shanye, baki a karkace, mu muke juya shi, aka yi ta cewa iska ce ta buge shi a banɗaki, aka yi rubutu aka yi hayaƙi, sai can daga baya da aka kai shi asibiti aka ce jininsa ya daɗe a sama ba wanda ya sani. Allah ya jiƙansa. Washegari na shirya na tafi.

Likitan da na samu matashi ne, inaga ma na girme shi, amma ya iya bayani. Yace lambar sama ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiya ne lokacin da zuciya ta harba, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana hutawa kafin ta sake. Wanda yake lafiya lau ana son a gan shi wajen 120/80 ko ƙasa kaɗan, in ya kai 140/90 ko ya wuce kuma aka auna a ranaku daban-daban yana nan, to sunansa mai hawan jini ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Da ya ji sana'ata sai yace Malam ai kai za ka fi kowa ganewa, robar da kuke sa wa a ƙugun wando in kullum a ɗame take me ke faruwa? Nace ta saki, ta mutu. Yace to haka jijiya take, sai dai ita ba a farke ta a sa sabuwa, kuma waɗanda suka fi shan wahala ƙananan nan ne na cikin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido, ita kuma zuciya tana ta tura jini da ƙarfi har ta yi kauri ta gaji. Ya rubuta min gwajin fitsari da na ƙoda da suga da kitsen jini da awon zuciya, Alhamdulillahi duk suka fito ba matsala in ban da kitsen da ya ɗan hau. Sannan yace in samu na'urar awo ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a dantse ba ta wuyan hannu ba, in auna na sati ɗaya in rubuta in kawo masa.

Awon nan ma ashe karatu ne. Ba wai ka shigo daga rana ka zauna ka danna ba. Sai ka yi fitsari tukuna, ka tabbata rabin awa ba ka sha shayi ko kofi ko ka ci goro ba, ka zauna a kujera ka jingina bayanka, ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ka yi shiru minti biyar, kuma lokacin da take matsewa ba magana. Sau biyu da safe da tazarar minti ɗaya, sau biyu da dare. Ranar farko ina awo ƙaramin ɗana yana hawa bayana ina daka masa tsawa, ta nuna min wata lamba da ta kusa sa ni kiran makwabta. Na sayi littafi irin na 'yan firamare mai ganye ashirin na ja layi da rula kaman yadda nake yi wa littafin awon kwastomomi. Da sati ya cika likita ya duba ya cire na ranar farko ya haɗa sauran, yace tsakaicinsu 158/98 ne, ba tsoron asibiti ba ne ya ɗaga shi, hawan jini ne sosai.

Nan muka ɗan ja da shi. Yace zai ɗora ni kan amlodipine 5mg ƙwaya ɗaya kullum, nace Likita don Allah a bar maganar ƙwaya, an ce in ka fara shikenan sai ranar da aka kai ka. Yace ba ƙwayar ce take kama mutum ba, ciwon ne ba ya tafiya, kuma da lambar nan tawa ga tarihin mahaifi, gyaran abinci kaɗai ba zai jira shi ba, a haɗa biyun, in na yi ƙoƙari lambobi suka sauka shi da kansa zai rage. Sai yace to faɗa min abin da ka ci jiya tun daga safe kar ka ɓoye komai.

Kai jama'a. Sai da na ji kunyar kaina ina lissafawa. Da safe wajen mai shayi, shayi mai kauri da madara da sukari cokali uku, taliyar leda biyu da ƙwai, kuma bayan garin da ke cikin ledar sai nace a ƙara min magi ɗaya. Da rana garau-garau, in zuba yaji har sai shinkafar ta canza kala, kuma kowa ya san yajin masu abinci rabinsa gishiri ne da dunƙule da farin magi. Lemon kwalba mai sanyi a kai. Goro kuwa ba a lissafa shi, yana cikin aljihun keke tare da kwarkwaro da allurai, in barci ya zo in ɓantara. Da dare tuwo a gida, in an samu ciniki a biya wajen mai tsire ko balangu a sake bulbula yaji. Sai kuma abin da ban ma ɗauka abin faɗa ba ne, haɗin ciwon jiki da nake aika yaro kemis ya karɓo min kusan kullum saboda ciwon baya, ƙwayoyi huɗu biyar a ƙulle a leda ban san sunan ko ɗaya ba. Likita yace in kawo ya gani, da na kawo ya nuna min diclofenac da ibuprofen a ciki, su biyun a tare, yace waɗannan suna riƙe gishiri da ruwa a jiki su ɗaga jini su kuma ci ƙoda a hankali, in daina, in ciwon ya matsa in sha farasitamol in kuma riƙa tashi daga kan keken nan ina miƙe baya.

Maganar gishiri ita ce ta fi cin lokaci kuma ita ce yaƙin gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kar ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, kuma ba wanda ka barbaɗa kaɗai ba, har da na cikin burodi da taliyar leda da kifin gwangwani da kilishi da dunƙule, duk a cikin cokali ɗayan nan. Da na koma gida na zauna a bakin kicin ina kallon mai ɗakina tana haɗa miyar kuka, na ƙirga dunƙule bakwai ta ɓare ta marmasa, ta kawo gishiri da hannu, ta kawo farin magi, sannan ta jiƙa kanwa ta tsiyaya. Ba laifinta ba ne, ni ne mai cewa miya ba ta ji ba. Muka fara da cewa za a riƙa ɗibar min tawa daban kafin a sa kayan ɗanɗano, kwana huɗu aka yi abin ya watse, don ga ni da lami a gabana ga yara suna santi a gefe, sai in miƙa hannu kwanonsu. Ita ce ta kawo dabarar da ta yi aiki, tace a rage wa kowa amma a hankali yadda ba wanda zai farga, wannan satin shida, na gaba biyar, a haka har muka tsaya a biyu a tukunyar mutum bakwai, farin magi kuma aka daina saye gaba ɗaya. Gurbinsu ta cike da daddawar kalwa mai kyau da albasa da yawa da tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kimba, in miyar ganye ce ta matsa lemon tsami a ƙarshe. Yaji ma ta daka min nawa a gida, barkono da ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari, ba gishiri, nake tafiya da shi shago a 'yar roba.

Ba zan yi ƙarya ba sati ukun farko abinci ba ya min daɗi ko kaɗan, ci kawai nake don kar in faɗi. Amma harshe ashe ɗan koyo ne. Wajen wata biyu aka yi suna a layinmu aka kawo shinkafa, loma biyu na yi na ji kaman an juye min gishiri a baki, alhali irin ta nake ci da in ce a ƙaro yaji.

Kanwa kuma ban taɓa kawo ta a lissafi ba sai da likita ya tambaya. Nace ai kanwa ba gishiri ba ce, yace ɗanɗanonsu ne ya bambanta amma sinadarin sodiyam ɗin da muke gudu a gishiri shi ne a cikinta fal. Har yake ban labari cewa tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu suna danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa. Ina jin haka na tuna ƙanwar mai ɗakina da na je ba wa jini, tana gida wankan jego ana ɗura mata kunun kanwa kofi-kofi safe da yamma, ga ƙafa a kumbure. Na faɗa wa mai ɗakina ta faɗa wa Hajiyarsu, aka ce mu da boko, amma dai an rage kuma an kai ta an auna. Mu a gida yanzu wake jiƙa shi ake tun dare ya dahu ba kanwa, kuɓewa da kuka ɗan kaɗan ake sawa, ɗanwake ne dai ba yadda za a yi da shi, sai muka mai da shi na marmari.

Abin da aka ƙara kuma ganye ne da 'ya'yan itace, don yace sinadarin fotasiyam da ke cikinsu yana taimaka wa jiki fitar da gishiri, amma ya ja kunne cewa mai ciwon ƙoda kar ya ɗauki wannan shawarar sai ya tambaya, ni don gwajina ya yi kyau ne. Kwaɗon zogale, rama, alayyahu, yakuwa, wake, dankalin Hausa, ayaba, lemo, kankana, gwanda, duk abin da yake araha a lokacinsa. Ranar Juma'a in na sauko masallaci nakan biya in yi sayayyar sati, in an samu mai zuwa 'Yan Lemo ko 'Yankaba in ba da saƙo don ya fi sauƙi. Tuwo na koma malmala ɗaya, miya da ganye su fi yawa. Lemon kwalba na bari, shayi ba madarar gwangwani sukari rabin cokali. Goro ne ya ban wahala, har yau ban rabu da shi ɗungurungum ba, ɓari ɗaya da hantsi, kuma na gwada da idona, in na ci na auna bayan rabin awa sai na ga ta ɗaga.

Tafiyar ƙafa kuwa gaskiya ba likita ne ya sa ni ba, ya dai faɗa, minti 150 a sati, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka ji numfashi ya ƙaru amma kana iya magana. Na ce to na share. Sai ga 29 ga Mayu an cire tallafin mai, kuɗin adaidaita ya ninka, nace to ga dalili ya samu. Daga Gwammaja nake fitowa bayan na karya in biyo ta Ƙofar Mazugal in gangaro Fagge, minti talatin da biyar zuwa arba'in, farko ina isa shago sai na zauna ina haki yara suna Oga lafiya, bayan wata ɗaya har dawowa nake yi a ƙafa in ba a yi dare ba. Wani abin dariya, ni da nake zagaya tef a ƙugun mutane shekara ashirin da wani abu ban taɓa auna nawa ba, ɗinkina ma da ido nake yankawa ina ƙara inci ina cewa yadin ne ya shige. Ranar da na auna 42 na gani. Kilo 91. Zuwa ƙarshen shekarar na dawo 38 da rabi, kilo 84, sai da na rage wa wandunana duka. Likita yace a ƙiyasi duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya sauke lambar sama takan sauka da kusan ɗaya, kuma littafina bai ƙaryata shi ba.

Sai zoɓo. Wannan kowa ka gaya wa kana da hawan jini shi zai fara ce maka, da tafarnuwa, da zogale, da ganyen mangwaro, da habbatussauda, kowa likita ne. Na tambayi nawa likitan kai tsaye ina tsammanin zai kushe, sai yace a'a zoɓo kam an yi bincike a kansa, a jami'ar Tufts ta Amurka an ba mutanen da jininsu ya fara hawa kofi uku kullum na sati shida, aka wallafa a 2010, lambar sama ta sauka da wajen 7. Yace amma ka lura, 7 aka ce ba 40 ba, kuma ba zoɓon ƙanƙara na leda da aka narka wa sukari da filebo ba. Mai ɗakina ke jiƙa min shi da citta da kanumfari ba sukari, kofi ɗaya da safe ɗaya da yamma, tsami kaman me, na saba. Yace in riƙa faɗa masa duk abin da nake sha don wani yana karo da ƙwaya, kuma mai ciki kar ta ɗirka shi da sunan magani. Akwai kuma wanda ban faɗa masa ba sai daga baya, wata gora da na saya wajen masu mota da lasifika, mai maganin yana rantsuwa kwana bakwai hawan jini zai fita ta fitsari har abada. Kwana biyu na sha na wuni hanyar banɗaki, jiri kaman zan kifa kan keke, na zubar da sauran a kwata.

To wajen watan Nuwamba littafina ya yi kyau, 126/80, 130/82, wata rana har 122/78. A nan shaiɗan ya shigo. Nace ai ga shi na warke, zoɓo da tafiya ne suka yi aiki, ƙwayar nan ta mene ce, ga ta kullum ƙara tsada take. Na fara tsallake rana ɗaya, na koma sau biyu a sati, zuwa Janairun 2024 na daina gaba ɗaya ban gaya wa kowa ba har mai ɗakina, ranar komawa asibiti ta zo na ƙi zuwa. Satin farko na auna na ga 134, nace ka gani. Daga nan batirin na'urar ya mutu na jefa ta cikin durowa, kuma tsakani da Allah ba kuɗin batir ne babu ba, ba na son in gani ne.

Azumi ya kama a watan Maris. Duk wanda ya san tela ya san goman ƙarshe ba mutane ba ne mu. Na karɓi ɗinki ya fi ƙarfina kaman kullum, shadda a jibge har rufi, ba wuta, janareto na ta ƙara a kunne, zafin Kano na Afrilu, kwana muke a shago, barcin awa uku, buɗa-baki da abin da aka samu a titi, ƙosai da soyayyen dankali da yajin masu abinci, goro da kofi har sahur, tafiyar ƙafa an ajiye, kwastoma na waya yana zagi kana cewa gobe in sha Allahu. Saura kwana biyar ko shida sallah, wajen ƙarfe ɗayan dare, na zo sa zare a allura sai na ga allurar ta zama biyu, ƙeyata ta riƙe kaman an ɗaure da igiya, kaina na sarawa. Babban yarona na shago yace Oga idonka ya yi ja fa. Shi ya ɗauke ni a babur zuwa gida, muka ciro batir daga rimot muka sa, 184/112. Na huta na sake, kusan haka. Mai ɗakina ba ta ce komai ba ta ɗauko hijabi, don likita ya taɓa gaya mana in ta kai wajen 180 ga ciwon kai mai tsanani ko gani ya dushe ko ciwon ƙirji ko hannu ya yi nauyi ko magana ta harɗe, ba a jiran gari ya waye.

A asibiti na kwana. Ba su sauke shi lokaci ɗaya ba, a hankali suka bi shi, suka sake gwajin ƙoda da na zuciya, Allah ya rufa asiri ba abin da ya taɓu. Da na koma wajen likitana bayan sallah na zata zai wanke ni tas, sai kawai ya buɗe littafin ya ga inda rubutu ya tsaya a Janairu, ya ɗago yace Malam lambobin nan masu kyau da ka gani, kai da ƙwayar kuka yi su tare, ka kori abokin aikinka kuma ka kashe fitilar da za ka gani. Mai ɗakina ce dai ta yi kwana biyu ba ta min magana sai gaisuwa, ba dainawar ce ta ƙona mata rai ba, ɓoyewar ce, tana ta fama da tukunya ashe ni ina zuba ƙwaya a aljihu.

Aka mai da ni 10mg, bayan 'yan makonni ƙafata ta fara kumbura da yamma takalmi na matse ni, wannan karon ban yi gaban kaina ba na koma na faɗa, yace amlodipine takan yi haka, ya dawo da ni 5mg ya haɗa min da wata ƙarama mai sa fitsari ta safe. Na koma kan tafiyata da zoɓona da yajina na roba. Wata takwas ina kai littafi duk bayan wata biyu, sannan shi da kansa ya cire ta biyun, yace mu gani. Yanzu ƙwaya ɗaya nake sha, nakan samu 128/82 ko kusa da haka, da azumi kuma da sahur nake sha kullum lokaci ɗaya. Ɗinkin sallah na sa ƙa'ida, daga 15 ga azumi ba na karɓar ko hula, sha ɗayan dare a rufe shago, wasu kwastomomin sun yi fushi sun tafi, wasu sun dawo da suka ga yanzu in nace Laraba to Laraba ce.

Na'urar yanzu biyu ce, ɗaya a gida ɗaya a shago kusa da almakashi. Na ji a rediyo lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta na 2023 cewa cikin manya uku ɗaya na da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, shi ya sa duk wanda ya zo awon kaya ya haura arba'in nakan ce Alhaji kawo hannun ma mu gani, kyauta ne. Ni ba na ba kowa magani, in ta yi sama in rubuta masa a takarda in ce ya kai asibiti kaman yadda aka yi min. Ranar 17 ga Mayu da ake ranar hawan jini ta duniya har layi maƙwabtan shago suka yi, mai guga da mai surfani da mai sai da maɓalli, ana ta tsokanar juna.

Wanda ya gagare ni shi ne Yayanmu, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara shida, ga wuya ga tumbi ga minshari, in ya zo shago na ɗauko ta sai yace kai rabu da ni da na'urar tsoronka, ni lafiyata ƙalau. Sai da na kai ƙara wajen Hajiya ta kira shi tace ya miƙa hannu ko ransa ya ɓaci. Ranar Asabar ɗin nan ya zo ya zauna yana hura hanci, na sa shi ya yi shirun minti biyar da ƙyar, ta nuna 156/96. Yace batirin ne ya yi sanyi. Na canza a gabansa muka sake, 154/96. Na ba shi ta gidan da sabon littafi na ja masa layi, mun yi da shi in sati ya cika zan raka shi, yace to Allah ya kai mu, amma in sani tun yanzu ba wani likitan da zai raba shi da kilishi.